Mun kai ƙarar kwari, duba-gari ya fara da masaina

Da hantsin wata Laraba a ranin 2023 duba-gari ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidana. Takardar koken da na rubuta da hannuna a kan kwarin da ke cin gonakinmu ce ta kawo shi, don haka na fito da fara'a, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na aika yaro ya kawo ruwa a kwanon sha. Ya karɓa, ya yi bismillah ya kurɓa, sannan ya tambaye ni daga wace rijiya aka ɗebo. Na ce ta bakin masallaci, wadda rabin unguwar ke sha. Ya ajiye kwanon ya ce: "Malam, kafin mu je kwarin, mu fara ganin rijiyar."

Ƙauyenmu yana ƙasar masarautar Dutse ne, inda duwatsu da jigawa suka haɗu. A bayan gari akwai rafi mai yashi wanda ke cika da damina ya bushe da rani. Ina yaro, ko a watan da zafi ya fi tsanani, idan ka tona yashin nan kamu biyu ko uku sai ruwa ya tsattsafo, mata su zauna da ƙoƙo suna kwalfa. Kwarin da muke kuka da shi yanzu a lokacin 'yar hanya ce da shanu ke bi su gangara rafi, jaki da kaya yana tsallake ta. Da gine-ginen bulo suka yawaita, tifofi suka fara shigowa ɗibar yashi, sai cikin rafin ya yi ta zurfi, ita kuma hanyar shanun ta bi shi ƙasa. Shekara bayan shekara bakinta na matsowa gari. A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta yi wa Jigawa ɓarnar da ba za a manta ba, dare ɗaya kwarin ya haɗiye tsamiyar da ke iyakar gonar mahaifina. Da safe muka tarar da ita kwance a ƙasa, saiwoyinta a sama. A ƙarƙashin tsamiyar nan mahaifinmu yake ajiye mana fura idan muna noma.

Abin da muka sani na magani shi ne zuba shara. Toka, leda, tsumma, kashin awaki, mataccen kaji, duk a kwarin ake juyewa da niyyar cike shi. Ni kaina na sha sa yara su kai.

Bayan an gama girbi, dattawa suka zauna a ƙofar mai unguwa aka yanke shawarar kai koke. Da yake ni malamin firamare ne, aka ɗora mini rubutun. Takardar ta bi hanyar da aka saba: mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, muka kai wa hakimi, magatakardansa ya haɗa da wasiƙar rakiya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Wannan bai ɗauki mako guda ba. A sakatariya ne tafiya ta yi nauyi. Lokacin ana fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, kuɗin mota ma sai ka yi da gaske kafin ka samu a hannu, ga kuma zaɓe ya ƙarato, kowane ofis ka leƙa an ce mai shi ya fita taro. Sau 3 ina zuwa. A zuwan farko na yi kuskuren miƙa takarda ɗaya tilo na juyo gida, da na koma aka neme ta aka rasa. Wani dattijon masinja ne ya ja ni gefe ya ce in riƙa zuwa da kwafi biyu, a buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya in riƙe, kuma in rubuta lambar fayil a littafina. Tun daga ranar ban sake miƙa wa kowane ofis takarda ba sai da haka, kuma duk wanda zai kai koke ina gaya masa.

Shi ne kuma ya tambaye ni ko akwai rijiya ko makaranta ko maƙabarta kusa da kwarin. Na ce akwai rijiya. Ya ce to in sa ta a sakin layi na farko, in kuma kai kwafi sashen da ke kula da ruwa da tsaftar muhalli, domin sashen ayyuka zai ce aikin kwari ya fi ƙarfin kasafinsa, amma maganar ruwan sha ba a cika barinta ta kwana a tire ba. Na bi shawararsa. Bayan zaɓen gwamna da 'yan kwanaki, ga duba-gari a zaurena.

Muka je rijiyar. Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba. Bakinta ya farfashe, ba murfi, ƙasan da ke kewaye ya zama caɓi saboda ruwan da ke zuba daga guga, ga sawun awaki da agwagi. Kowane gida da gugarsa, idan an gama ja sai a yar da igiya a cikin caɓin, mai zuwa ya jefa tasa. Sai ya ciro tef ɗin awo, ya ba wani yaro bakin ya riƙe a jikin rijiyar, ya nufi katangar da ta fi kusa. Katangar gidana ce, kuma a bayanta masaina yake. Mita 14. Ya auna na maƙwabcina, 19. Na uku, 22. Ya ce ƙa'idar da suke aiki da ita ita ce kada ramin masai ya gaza mita 30 daga rijiyar sha, kuma ya kasance ta gangaren ƙasa, ba ta saman rijiyar ba. Ya ƙara da cewa gindin ramin ya kamata ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi kafin inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Nawa yana ta tudu, kuma na san lokacin da ake haƙa shi sai da ƙasar ta fara danshi muka tsaya.

Ya zauna a kan dakalin masallaci ya rubuta takardar gargaɗi guda 3, ya ba ni tawa a gaban mutane. Mako 3 aka ba mu mu rufe masan mu haƙa wasu, in ba haka ba maganar ta tafi kotu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Masan nan bai shekara biyu ba. Na gina shi ne lokacin da ake bi gida-gida ana cewa kowa ya yi masai a daina fita daji, aikin da ya kai ga ayyana Jigawa a watan Oktoban 2022 a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Mun yi alfahari da wannan, har yanzu ma ina yi. Amma a unguwarmu kowa ya haƙa ne inda ya samu sarari a gidansa, ba wanda ya riƙe tef. Na ce masa: "Yallaɓai, mu fa kwari muka kawo ƙara. Gonaki ke tafiya." Ya ce in biyo shi.

Muka tsaya a bakin kwarin, inda shara ta taru. Ya nuna mini yadda ruwan unguwa gaba ɗaya yake bi ta lungun masallaci, ya wuce ta gefen rijiya, ya faɗa kwarin. Ya ce ruwan da ke cin gonar mahaifina shi ne dai wanda ke wanko ƙazantar lungu ya kwanta a gindin rijiya, kuma sharar da muke zubawa ba ta riƙe ƙasa, ruwan farko zai kwashe ta ya kai rafi, inda ƙauyukan da ke ƙasa da mu suke tona yashi su sha. Sannan ya tambaye ni ko amai da gudawa ya shigo mana a 2021. Na yi shiru. A daminar shekarar kwalara ta yi tsanani a Jigawa da Kano da Bauchi, kuma 'yar ƙanena ta kwana 3 ana ƙara mata ruwa, idanunta sun faɗa, fatar cikinta idan an ja ba ta komawa. Allah ya tashi kafaɗunta. Wasu gidajen biyu a unguwar ba su samu haka ba. Duk daga rijiyar nan muke sha. Ba zan iya rantsuwa cewa daga ita ciwon ya fito ba, amma daga wannan tambayar ban sake yi masa gardama ba.

Na sayar da tunkiya na haƙa sabon masai a kusurwar gidan ta yamma, na zuba toka da ƙasa a tsohon na danne shi. Maƙwabcina da ba shi da sarari, ƙanensa ya ba shi gefen kangonsa. Na ukun ya ja lokaci sai da mai unguwa ya taka da kansa.

Mako biyu bayan haka, cikin azumi, duba-gari ya dawo da wani jami'i daga sashen ayyuka da malamin gona. Jami'in ya sauka cikin kwarin da takalminsa, ya bi shi tun daga baki har inda ya haɗu da rafi. Da ya fito ya yi mana bayanin da ya zauna mini a kai. Ya ce kwari da baya yake tafiya. Ruwa na faɗowa daga bakinsa kamar daga indararo, ya ƙwaƙule gindin, saman ya rasa abin da zai tsaya a kai ya rufta, gobe kuma a sake daga sabon bakin. Duk lokacin da aka kwashe yashin rafi cikinsa ya ƙara zurfi, tsayin faɗuwar ruwan na ƙaruwa, ƙarfinsa na ƙaruwa. Ya ce ko an zuba mana kankare, matuƙar tifa na ɗiba a daidai mahaɗar nan, ruwa zai bi ta ƙarƙashi.

Muka ce to a hana tifofin mana. Nan ya gaya mana iyakar ikonsu. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara, da hannu a bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, amma ya cire haƙar ma'adinai. Yashi kuwa, a dokar ma'adinai ta 2007, cikin ma'adinai yake, izininsa na gwamnatin tarayya ne. Abin ya ɗaure mini kai, a ce yashin bayan garinmu sai an tambayi Abuja. Amma ya ce kada mu karaya: tifa ba ta tashi sama. Hanyar da take bi ta ƙaramar hukuma ce, gonar da take ratsawa ta gangara rafi kuma ƙasar karkara ce, wadda dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa a hannun ƙaramar hukuma. Ya tambaya gonar wa ce. Kowa ya sunkuyar da kai, domin ta baffana ce, ƙanen mahaifina, kuma ana ba shi wani abu a kan kowane sawu.

Wannan shi ne wuri mafi wuya a duk tafiyar, ya fi zirga-zirgar sakatariya nesa. Da daddare bayan asham na je na same shi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kewaye-kewaye. Ya katse ni ya ce: "Ɗan nan, na ji duk abin da aka ce. Kai kana da albashi. Ni da me zan ciyar da gidan nan har kaka?" Ba ni da amsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Samarinmu da dama da shebur suke samun na cefane da rani, suna loda tifa tun asuba, kuma wannan ne ya hana wasunsu tafiya cirani Kano ko kudu. Duk wanda ya ce a rufe ɗibar yashi rana ɗaya bai zauna da waɗannan yaran ba. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Maganar ta koma gaban hakimi. Aka taru da dagaci, masu unguwanni, limami, wakilin direbobin tifa, shugaban masu lodi, ardon Fulanin da ke shayar da shanu a rafin, da jami'an nan uku. Mata ba su zauna a fadar ba, amma sun aiko da tsohuwar ungozoma ta faɗi nasu, kuma ita ce ta kawo maganar da ba wanda ya tuna: cewa ramukan da tifa ke bari suna cika da ruwa da damina, yara na wanka a ciki. An kai azahar ana magana. Wakilin direbobi ya ce: "Ranka ya daɗe, mu ba mu ƙi ba, a nuna mana inda za mu ɗiba." Jami'in ayyuka ya ce can ƙasa, inda rafin ya buɗe ya yi faɗi yashi ke taruwa da kansa, ɗiba ba za ta yi illa kamar ta mahaɗar kwarin ba, muddin ba a taɓa gaɓa ba. Aka tsaya a kan haka. Daga kukar bakin rafi har mashayar shanu ba ɗiba. Ba zuba shara a kwari. Ba sare itace ko tuge ciyawa a gaɓa. Duk mai gona a bakin kwarin zai bar taku 5 ba noma. Wanda ya karya, tararsa buhun siminti ɗaya ga kwamitin ruwa, in ya ƙi a miƙa shi ga duba-gari. Na rubuta da Hausa, aka karanta da ƙarfi, masu sa hannu suka sa, sauran suka dangwala yatsa, aka kai kwafi sakatariya aka buga hatimi.

Taku 5 ɗin nan ya ci mini kunya 6 na gero a tsawon gonar. Baffa kuwa ya rasa kuɗin sawu gaba ɗaya, tunda sabuwar hanyar ba ta bi ta gonarsa. Bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba har ranar sallah ƙarama. Daga baya kwamiti ya ba shi aikin kula da dashen da ke gaɓa, ana ba shi ɗan abin da aka tara. Bai kai na da ba, kuma na san haka.

Bayan sallah muka shiga gayya, cikin zafin bazara. Ƙaramar hukuma ta ba da siminti buhu 10 da ragar waya, ta kuma yi alƙawarin kwalbati a lungun masallaci. Da simintin aka gyara rijiya: aka ɗaga bakinta, aka zuba dakali mai gangara kewaye da ita, aka ja 'yar kwata zuwa rami mai tsakuwa can nesa, maƙeri ya yi murfi. Duba-gari ya auna zurfin ruwan, ya kaɗa garin kulorin a bokiti ya zuba, ya ce kada a sha sai an kwana an kwashe ruwan har warin ya ragu. Aka sayi guga ɗaya da igiya ɗaya aka rataye a kan gwafa, aka hana kowa zuwa da tasa. Wannan dokar gugar ta fi kowace wahalar bi, sai da matan unguwa suka karɓe ta a hannunsu sannan ta zauna.

A kwarin kuwa, amalanken shanu suka yi ta jigilar duwatsu daga gindin dutse. Jami'in ayyuka ya hana mu abin da muka yi niyya, wato gina katanga ɗaya doguwa a baki. Ya ce ruwa ba a tare shi gaba da gaba, rage masa gudu ake yi. Muka yi ƙananan shinge 7 na dutse a cikin ragar waya, kowanne bai wuce gwiwa zuwa cinya ba, a jere daga sama zuwa ƙasa, yadda saman na ƙasa zai yi daidai da gindin na samansa. Tsakiyar kowanne ta fi gefunansa ƙasa domin ruwa ya bi ta nan, a gabansa kuma aka shimfiɗa duwatsu inda ruwan zai faɗa. Ya nanata cewa a tona gaɓa a cusa gefunan shingen ciki sosai. A na shida rana ta yi, mutane sun gaji, muka jingina shi da gaɓa kawai. Ina wurin, na gani, ban ce komai ba.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, muka je fadama muka tugo jema, muka rarraba ta muka dasa a layi, tsakanin kowace da 'yar'uwarta bai wuce tafin hannu ba, a gicciye da gangaren. Malamin gona ya ce saiwarta ƙasa take nutsawa ta riƙe ƙasar kamar raga. A taku 5 ɗin da muka bari aka sa gamba, wadda ko ba komai za a yi zana da ita, aka kafa aguwa a matsayin shinge saboda awaki, aka dasa bagaruwa da darbejiya. Ya kuma ce mu adana duk takardunmu da hotunan da aka ɗauka da waya, domin babban aikin kankare sai jiha ko shiri irin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Takardun suna cikin wata jakar leda a akwatina. Kafin ya tafi ya sa na kafa turken ƙarfe taku 5 daga bakin kwarin, ya ce da shi za mu san ko yana tafiya ko ya tsaya.

A watan Agusta aka yi wani ruwan dare mai ƙarfi, irin wanda ya tafi da tsamiya. Ban yi barci ba. Ana sallame asuba na ɗauki tocila na nufi bayan gari, na tarar baffa ya riga ni, yana tsaye da sandarsa. Muka sauka tare. A bayan shinge na farko laka ta kwanta lumus, na taka ƙafata ta nutse har ƙauri. Ƙasar gonakinmu ce da a da take wucewa rafi. Na biyu da na uku haka, har na biyar. Na shida ruwa ya zagaye shi ta gefen hagu, daidai inda ba mu cusa shi a gaɓa ba, ya yage gaɓar kusan faɗin amalanke, ya tara duwatsun a kan na bakwai. Jemar da ke wajen ta tafi, sauran layukan sun kwanta amma suna nan.

Muka hau sama na auna turken. Taku 5 ne ba kamu ɗaya. Baffa ya sa sandarsa ya sake aunawa da kansa, ya ce haka ne.

Ranar Asabar muka koma da amalanke biyu muka sake gina na shidan, wannan karon sai da muka tona gaɓar har tsayin hannu. Kwalbatin lungun masallaci kuwa har yanzu buhunan yashi ne a wurin, muna canza su duk damina idan rana ta cinye su. Na koma sakatariya a kansa sau 4, lambar fayil ɗin tana shafin farko na littafina, kuma ranar Litinin mai zuwa zan sake komawa tare da mai unguwa.